Mu Ne Motar Ƙwaro: Jawabi Kan Safarar Itacen Girki Da Makomar Bishiyoyinmu

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa, wanda ya daɗe yana aikin gandun daji kafin ya ajiye aiki, ya gabatar a wata haɗuwa da manoma da masu sana'ar itace a garin Garo ta ƙaramar hukumar Kabo, jihar Kano. Mun rubuto maku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena dattawa, 'yan'uwana manoma, masu faskare da masu lodin itace, da iyayenmu mata da ke saurare daga can baya, ina yi maku barka da zuwa. Na san wasu sun bar aiki a gona, wasu sun taso tun daga Gwarzo da Getso, wasu daga Kabo da Gude, saboda haka ba zan tsawaita ba in Allah Ya so.

Maganar da zan yi a yau a kan itacen girki ne. Da zarar an ce tsohon malamin daji zai yi magana a kan itace, kowa ya san abin da zai ji: a daina sare bishiya, hamada na tafe. Wannan gaskiya ne, kun kuma ji shi har kun gaji. To amma yau wata kusurwa daban na zo da ita, wato abin da ke ɓoye a cikin itacen da muke ɗorawa a mota daga wannan gari zuwa wancan.

Abin da ke cikin guntun itace

Duk wanda ya taɓa faskare a nan ya san abin da zan faɗa. Kana dasa gatari itacen ya tsage, sai ka ga wata farar tsutsa mai ƙiba kwance a cikin rami, kaji su rugo su tsince ta. Ko kuma uwargida ta ɗaga itacen da aka jingine a madafa, ta tarar da wani lallausan gari kamar na tuwo ya zubo a ƙasa, jikin itacen kuma duk ƙananan huji kamar an caccaka allura. Mun saba gani har ba ma ɗaukar sa bakin komai.

To wannan tsutsa ɗiyar ƙwaro ce. Uwar takan saka ƙwai a jikin ɓawo ko a cikin itacen, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi ta ci tana haƙa hanya, wata ta yi watanni, wata har fiye da shekara, sannan ta zama ƙwaro mai fiffike ta huda ta fito. Sare bishiyar ba ya kashe ta. Kai ka ga busasshen itace, ita kuwa tana cikin ɗakinta da abincinta.

Ƙwarin da muka gada a ƙasarmu, bishiyoyinmu sun san su. Ɗorawa da marke da kanya da tsamiya sun daɗe suna zaune da su, akwai kuma tsuntsaye da wasu ƙwarin da ke cinye su, sai abin ya zama an yi kunnen doki. Bala'in yana faruwa ne idan baƙon ƙwaro ya sauka a inda ba a san shi ba. Ya baro maƙiyansa a can ƙasarsu, bishiyar nan kuma ba ta san yadda za ta kare kanta daga gare shi ba. Sai ya samu fili, ya yi ta hayayyafa ba mai taka masa birki.

Mun taɓa gani ai

Kada wani ya ce wannan tatsuniyar Turawa ce. A shekarar 2016 wa ya manta da abin da ya samu tumatir? Tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta cinye gonaki a Kadawa da Kura da sassan Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. A wannan shekarar dai ta 2016 aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Nijeriya, ita ma daga nahiyar Amurka, kafin shekara biyu ta game mafi yawan ƙasashen Afirka. Yau wane manomin masara ne a Garo bai san ta ba?

A ɓangaren bishiya ma mun ɗanɗana. Darbejiyar nan da muke zaune a inuwarta, wadda aka shigo da ita ƙasar Barno a 1928, a cikin shekarun 1980 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai maƙalewa a ganye yana tsotse ruwansa ya auka mata a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, har da Barno. Bishiyoyi suka yi ta ƙonewar ganye kamar an sa masu wuta. Shi ma baƙo ne, daga Asiya.

Sannan ga wanda ya fi kusa da maganarmu ta yau. Akwai wani ƙwaro mai huda masara da busasshen rogo a rumbu, asalinsa daga Meziko da ƙasashen tsakiyar Amurka. An fara ganin sa a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, inda manoma suka laƙaba masa sunan babbar motar nan Scania. A 1984 aka gan shi a Togo, a farkon shekarun 1990 ya shigo Nijeriya. A Tanzaniya an samu rumbunan da ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na masararsu a 'yan watanni. Abin da nake so ku riƙe shi ne, da masana suka bi sawunsa sai suka gano asalinsa ƙwaron itace ne, a busassun rassan daji yake zaune yana haihuwa, yakan kuma huda itacen da aka gina rumbu da shi. Ma'ana, itacen da ka jibge a gindin rumbunka zai iya zama tsanin da ɓarawo zai taka ya shiga.

Darasi daga Amurka da Afirka ta Kudu

Yanzu bari in kai ku nesa kaɗan, don ku ga abin da safarar itacen girki ta jawo wa waɗanda suka fi mu kuɗi da kayan aiki.

A shekarar 2002, a jihar Mishigan ta Amurka, kusa da birnin Ditiroit, aka lura wata bishiya da suke ji da ita, wadda suke kira ash, tana ta mutuwa. Da aka ɓare ɓawonta sai aka tarar da tsutsar wani koren ƙwaro mai sheƙi, ɗan asalin gabashin Asiya, wanda ake kyautata zaton ya shigo ne a cikin katakon da ake ɗaure kayan jirgin ruwa da shi. Tsutsar tana cin wannan ɗan siririn sashe da ke tsakanin ɓawo da itace, wanda ta nan ne ruwa da abinci ke zagaya bishiya. Kamar dai a shaƙe mutum ne a hankali. Cikin shekara biyu zuwa huɗu sai bishiyar ta bushe a tsaye.

Shi wannan ƙwaro, in an bar shi da fiffikensa, 'yan kilomitoci kaɗan yake ci gaba a shekara. Amma sai aka riƙa ganin sa ya ɓulla a wurare masu nisan ɗaruruwan kilomitoci, galibi a wuraren da mutane kan je shaƙatawa su kwana a daji su hura wuta. Me ya kai shi? Mutum ya sare bishiyar gidansa da ta mutu, ya ga asara ce a bar itacen, ya zuba a bayan mota ya tafi da shi. Bai ƙone duka ba, ya baro saura a can. Shi ke nan an kai baƙo. Yanzu ƙwaron yana cikin jihohin Amurka fiye da 30 da kuma Kanada, ya kashe miliyoyin bishiyoyi masu yawan gaske.

Wannan ya sa suka kafa dokoki. A jihar Niyok, haramun ne ka kai ɗanyen itacen girki fiye da mil 50, wato kamar kilomita 80, daga inda aka sare shi, sai in an gasa shi da zafin da zai kashe abin da ke ciki. Suka yi ta shela cewa kowa ya sayi itace a inda zai ƙona shi. Amma a watan Janairun 2021 gwamnatin tarayyarsu ta janye nata takunkumin a kan wannan ƙwaro, saboda ya riga ya bazu, ta koma neman hanyar yaƙar sa da wasu ƙwarin da ke cin sa. Kun gani ko? An rufe ƙofa ne bayan ɓarawo ya shiga ɗaki.

Na biyu a nan nahiyarmu ne. A 2017, a wani lambun gwamnati da ke birnin Pietermaritzburg na Afirka ta Kudu, aka gano wani ƙwaro wanda girmansa bai wuce ƙwayar riɗi ba, ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya. Shi wannan ba cin itacen yake yi ba. Macen takan huda ta shiga ɗauke da wata irin funfuna, ta shuka ta a cikin ramin don ta ciyar da 'ya'yanta, funfunar kuma ta toshe jijiyoyin ruwan bishiyar. 'Ya'yan a cikin ramin suke barbarar junansu, saboda haka mace guda ɗaya tak ta isa ta kafa zuriya a sabon gari. Ba ya zaɓen bishiya iri ɗaya, yana kama iri-iri masu yawa, har da fiya da kuma zurma, zurman nan da ke fitowa a bakin jujinmu. Cikin 'yan shekaru ya shiga kusan dukkan lardunan ƙasar guda tara, ya shiga Johannasbag da Kef Tawun, kuma babbar hanyar da hukumomin can suka ce yana bi ita ce itacen girki. A 2022 masana a Jami'ar Stellenbosch suka yi ƙiyasin cewa in ba a tare shi ba, asarar za ta kai kuɗin ƙasar rand biliyan 275 a shekara goma.

Ban tsaya a nan don in ce maku waɗannan biyun sun iso Garo ba. Na kawo su ne saboda Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sharon ma ai a da labarin wata ƙasa ce.

Ina muka tsaya?

Tsutsar masara uwarta tashi take yi da dare ta yi tafiya mai nisa, ba wanda zai iya tare ta a hanya. Ƙwarin itace ba haka suke ba, tafiyarsu gajeriya ce. Ƙwaro ba shi da mota, mu ne motarsa. Wannan kuwa labari ne mai daɗi, domin abin da hannunmu ke yi hannunmu na iya barin sa.

To ku dubi titin nan da ya ratsa garinmu daga Dayi da Gwarzo zuwa Kano. Mota nawa ta itace ke wucewa a rana? Tun a 1990 aka buga wani bincike da malaman Jami'ar Bayero da abokan aikinsu suka yi a kan itacen girkin Kano. Abin da suka gano ya ba mutane da yawa mamaki: manoman karkarar Kano ba su ƙarar da bishiyoyin gonakinsu ba, suna tattalin su, suna sassabe reshe su bar uwa. Kaso mai yawa na itacen birni daga dazuzzuka masu nisa ake kawo shi a manyan motoci, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci. Tun daga wancan lokaci birni ya ninka, kananzir ya fi ƙarfin talaka, bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma komai ya ƙara tsada, gidaje da yawa da suka saba da gas suka koma murhu. Buƙata ta ƙaru, nisan da itace ke yi ya ƙaru.

Mu kuma a tsakiya muke. Arzikinmu ba a wani babban daji irin Falgore yake ba, a gona yake. Ɗorawar da kakanka ya bari, ita ke ba uwargida kalwa ta yi daddawa. Kukar da ke bayan gida ita ce miyar shekara. Gawo shi ke ciyar da tumaki da rani ya kuma taki gona. Ga mangwaro da gwaiba a lambunan da ke bakin madatsun Guzuguzu da Magaga. Ɗorawa takan kusan shekara goma kafin ta fara ba da kalwa sosai. In baƙon ƙwaro ya kama ta, ba a sayo wata a kasuwa, sai dai jikanka ya ci wadda za ka shuka.

Na san abin da ke ran wasu. Za su ce malam, muna fama da abin da za mu sa a tukunya, kai kana maganar ƙwaro. Mai itace kuma zai ce da wannan nake ciyar da mutum goma sha biyu, so kake in zauna? Wallahi ban zo in raba kowa da sana'arsa ba, ban kuma zo in nemi a ƙara shingen karɓar kuɗi a hanya ba, waɗanda ke akwai ma sun ishe ku. Shingen da ake miƙa hannu a wuce ba ya tare ƙwaro. Abin da zai tare shi shi ne mai itacen kansa ya san abin da yake ɗauke da shi. Kuma mai itace ne zai fi kowa asara ranar da bishiya ta ƙare.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowa ya san tarihin annobar Amwas a ƙasar Sham, zamanin Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, yadda ya kama hanya har ya isa Sargh, da ya ji annoba ta ɓarke sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa. Makiyayanmu ma sun san ba a kai dabba mai ciwo mashaya ɗaya da masu lafiya. Abin da nake roƙo shi ne mu yi wa bishiya irin adalcin da muke yi wa saniya.

Abin da za mu iya yi

Na farko, itacen da ya mutu a tsaye ba tare da an san dalili ba, musamman in ka ga bishiyoyi iri ɗaya suna mutuwa a jere, kada ya bar garin da ya mutu. A nan ne kwaɗayi ke shiga, domin busasshen itace ba wahalar shanya, ga kuma sauƙin faskare. Amma shi ne mafi haɗari. A ƙone shi a inda yake, a ƙone shi da wuri.

Na biyu, mai saye ya fifita na kusa. In akwai sassaben darbejiya ko turare ko karan dawa a garinku, ya fi maka wanda ba ka san daga inda ya fito ba. Ku riƙa tambayar direba daga wane daji ya yi lodi. Tambaya ba faɗa ba ce.

Na uku, in dole sai an kai nesa, a ɓare ɓawon a can inda aka sare, a faskara ƙanana, a shanya ya bushe sosai. Wanda ake zargi kuma a tara shi a rana, a lulluɓe da farar leda mai kauri, a danne bakinta da ƙasa, a bar shi kamar mako shida a lokacin bazara. Itacen da ake ɗaure kayan jirgin ruwa da shi, dokar duniya ta 2002 ta ce a gasa shi har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30. Su da injin suke yi. Mu Allah Ya ba mu ranar watan Afrilu kyauta.

Na huɗu, wurin ajiya. Kusan duk mai sayar da itace a gindin bishiya yake jibge kayansa don ya samu inuwa, mu ma a gida a jikin mangwaro ko a gindin rumbu muke jingine shi. Wannan kai ƙwaro bakin akushi ne. A ware masa fili nesa da bishiya mai rai, nesa da rumbu. Kuma wanda ya zo daga nesa shi za a fara ƙonewa, kada ya kwana damina.

Na biyar, ido. In ka ga ƙananan huji a jikin bishiya mai rai, ko gari na zubowa, ko wani ruwa na tsattsafowa ya ɓata ɓawo, ko reshe na bushewa daga sama ba lokacin kaka ba, kada ka yi shiru. Ka gaya wa mai unguwa, a sanar da malamin gona na KNARDA ko ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma. Ka kama ƙwaron ka sa a kwalba, yaron da ke da waya ya ɗauki hoto. A tarayya akwai hukumar NAQS mai kula da shigowar cututtukan tsirrai da dabbobi, amma ba za ta ga abin da ke gonarka ba sai ka faɗa.

Wani zai ce to gawayi fa? Gawayi ba ya ɗauke da ƙwaro, wuta ta riga ta cinye shi. Amma buhu ɗaya na gawayi itace mai yawa yake ci, kuma kirya da marke da kaɗanya ake kayarwa dominsa. Kada mu gudu daga ruwa mu faɗa rijiya. Mafita mai ɗorewa ita ce kowane gida ya samu nasa itacen a kan iyakar gonarsa, a bar tohon da ke fitowa da kansa ya girma kamar yadda manoman Maraɗi suka yi tun shekarun 1980 har suka dawo da miliyoyin bishiyoyi a gonakinsu, a kuma gina murhun laka mai cin itace kaɗan.

Ga iyayenmu dagatai da masu unguwanni da shugabannin masu itace, ina roƙo ku zauna ku yi yarjejeniya a tsakaninku, ko da a kan abu biyu ne kawai: ba a fitar da itacen bishiyar da ta mutu da ciwo, ba a jibge itacen nesa a gindin bishiya. Maganar da aka yanke a ƙofar gidan dagaci ta fi wadda aka rubuto daga ofis tasiri, kun fi ni sani. Iyayenmu mata kuma ku ne kuke taɓa itacen nan kullum safe da yamma, ku za ku fara gani, don Allah ku riƙa faɗa.

A nan zan dakata, in akwai tambaya sai a yi. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfanar da mu, wanda na yi kuskure ku yafe mani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gonakinmu da bishiyoyinmu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.